Tayin Gwate a Gidan Dogo

Shekara goma sha ɗaya na yi ina aikin nas a Jos. Na karɓi haihuwa ba adadi, na ɗinke kawunan 'yan acaɓa har na daina ƙirgawa. Amma ranar da na sauka gidan Yaya Saratu a Largo, kusa da Washington a Amurka, ko jakata ban kwance ba ta gaya mini gaskiya: duk wannan ba a bakin komai yake ba, sai na ci jarrabawar ƙasar an ba ni lasin.

"Rifkatu, kar ki ga kin tsufa a aiki," in ji ta, tana cire takalmin asibiti. "Nan ko ƙwayar ciwon kai ba za ki miƙa wa mutum ba sai da lasin."

Aka ba ni ɗakin ƙasa, kusa da injin wanki. Na yi karatu, na shiga jarrabawar, na faɗi. Mama a Bukuru ban gaya mata ba. Ita dai ta riga ta sanar da zumuntar matan cocinmu cewa 'yarta nas ce a Amurka. Na sake cike takardu, aka ba ni izinin zama karo na biyu, mai wa'adi. Rana ɗaya ta rage da gurbi kafin wa'adin ya ƙare, a ƙarshen watan Agusta, ƙarfe takwas na safe, ita na ɗauka. In ta wuce ni sai in koma farko, in sake jira wata da watanni, ga shi mijin Yaya ya fara amsa gaisuwata da hanci.

Kafin nan dole in nemi abin yi, sai Yaya ta haɗa ni da wata 'yar ƙasarmu a Gaithersburg mai kamfanin tura masu kula da tsofaffi gida-gida. Madam muke ce mata. Daga Largo jirgin ƙasa biyu ne da bas ɗaya kafin in kai ofishinta. Bakinta kamar zuma, "ƙanwata" sama, "ƙanwata" ƙasa, amma duk gidan da wasu suka ƙi saboda nisa ko wari ni take turawa. Wata uku ina wanke tsofaffi ina canza musu zanen gado, ni da a da nake ba ɗalibai umarni a ɗakin haihuwa. Wata safiya cikin watan Afrilu ta kira ni, ta ce an sami babban gida, amma sai na sa hannu a takarda cewa ba zan taɓa faɗin sunan mai gidan ba. Na sa. Shi ya sa a nan Dogo zan kira shi, don sai ya sunkuya yake shiga ƙofar kicin.

Mahaifiyarsa aka ɗauke ni in kula da ita, Mama Dora, wadda shanyewar ɓarin jiki ta kama ta ta ɓangaren hagu. Tsohuwa ce mai fara'a, 'yar wani ƙaramin gari a kudancin ƙasar, kuma gidan ɗanta ya yi mata girma kamar yadda ya yi mini. Ita ta fara bayyana mini sana'arsa.

Ni har yau ban gama gane besbol ba. Abin da na sani, wani ne zai jefo ƙaramar ƙwallo da iya ƙarfinsa, wani ya tsaya da kulki ya make ta. In ta fice daga fili ta faɗa cikin 'yan kallo, ya zama gwarzo. In ya kai duka sau uku bai samu ba, ya koma benci ya zauna. Kwantiragin Dogo da tsohuwar ƙungiyarsa ya ƙare, ya zama ba na kowa ba, sai ya shiga kasuwa. Ƙungiyoyi suka yi ta ƙara kuɗi a kansa, ta nan Washington ta fi kowa zubawa, ta ɗauke shi na shekara bakwai a kan kuɗin da in ka juya shi naira sai bakinka ya gaji. Wanda ya ƙulla cinikin wani ne mai waya biyu da murmushin da ba ya kai wa ido. Suna da sunan da suke kiransa mai daɗi, amma dillali ne dai, irin na kasuwar shanu ta Kara a Bukuru, sai dai shi da kwat.

To, an sayi Dogo, Dogo kuma ya kasa. Sati shida yana dukan iska. Akwai tashar rediyo da ba ta da aiki daga safe zuwa yamma sai mutane su bugo waya su zage shi, direban bas ɗin da nake shiga ma ita yake kunnawa. Wani ya zauna ya lissafa nawa ake biyansa a kowane duka da ya kai bai samu ba. Wani ya jefo mataccen kifi ta kan katangar gidan. Wanda ya fi tsaya mini a rai, saƙon da Mama Dora ta gani da idonta a wayar ɗanta, wai Allah ya sa ɗaya ɓarin nata ma ya shanye. Manyan mutane ne fa, masu 'ya'ya, masu zuwa ofis da lakataye. Saboda ƙwallo.

Shi kuma abin da bai yi ba ne kaɗan. Ya aske gemu, ya bar gemu. Ya daina wanke hularsa har ta fara tsami. Ya daina fita ta ƙofar gaba. Aka kawo wani siriri mai tabarmar roba yana koya masa numfashi, ƙato da shi, kamar ba da numfashin aka haife shi ba. Abincinsa a sikeli ake aunawa, ƙirjin kaza fari fat ba gishiri da wani ganye da ko akuya sai ta yi tunani. Sau da yawa in na fita zubar da shara sai in gan shi a gareji cikin mota, bai tayar ba, hannu biyu a kan sitiyari, yana kallon bango.

Wata Talata da tsakar rana Mama Dora ta yi barci, na zauna a ƙaramin teburin kicin na buɗe kulata. Gwaten acca ne, da yakuwar da Yaya ta shuka bara a bayan gida ta daskarar, da gauta da ƙashin saniya. Na kai cokali biyu ke nan sai ga Dogo ya shigo neman ruwa. Me zan yi? Mutum ya same ki kina cin abinci. Da Turanci na faɗa, amma bakin gida ne ya yi magana: "Zo mu ci."

Kowa ya san yadda ake yi. Ki yi tayi, a ce an gode, a ci lafiya, kowa ya kama gabansa. Dogo bai san wannan ba. Ya tsaya ya kalle ni kamar an daɗe ba a yi masa magana irin ta mutane ba, ya ja kujera, ya ɗauki cokalina ya ɗauraye a famfo. Cokalin Mama ne da na taho da shi daga Bukuru, wanda ta ɗiga wa jan farce a gindi don kar ya ɓace a taron coci. Ina zaune ina murmushin dole, ya cinye tas, har da kankare ƙasan kula. Ya ce bai taɓa cin abu mai tsami da daɗi haka ba, ya yi godiya ya fita. Na wuni da ruwan shayi.

Ranar sau biyu ya fitar da ƙwallo daga fili.

Washegari na tarar da dillali a kicin yana jirana, ya ajiye wayoyinsa biyu a kan tebur.

"Me kika ba shi jiya?"

"Ban ba shi ba. Tayi na yi masa."

"Wace kujera ya zauna? Wane ɗankwali ne a kanki? Kin ci kafin ya shigo?"

"Cokali biyu."

Ya rubuta. Wallahi ya rubuta. Daga ranar aka kafa doka: kula ɗaya, cokali ɗaya, kujera ɗaya, ɗankwalina mai ruwan goro. In zauna in ci cokali biyu, ba uku ba, Dogo ya shigo kamar neman ruwa, in ɗaga kai in ce "zo mu ci" da irin muryar ranar. In za su yi wasa a wani gari sai in dafa a daskarar a tafi da shi cikin akwatin ƙanƙara, tayin kuma ta wayar bidiyo. An taɓa gwada naɗaɗɗiyar muryata, ranar bai taɓa ƙwallo ba, aka ce sai da rai. Madam ta ce in yi duk abin da suka ce, ai an ƙara wa kamfani kuɗi. Ni ban ga ƙarin ba.

Abin haushi, ƙwallo ta ci gaba da ficewa. Ƙungiya ta turo wata mata da safar hannu ta ɗebi gwaten cikin kwalbar gwaji, wai a duba ko da haramtacciyar ƙwaya a ciki. Na tsaya ina kallonta tana lika wa abincin uwata lamba kamar fitsarin marar lafiya. Da aka ga ba komai, sai dillali ya saki labari. Ba a faɗi sunana ba, amma aka ce wata 'yar Afirka ce ke dafa masa asiri. Kafin sati biyu an buga riguna da hoton kulata, ana sayarwa a bakin filin wasa.

"Rifkatu, Maman Fasto ta kira ni," in ji Yaya wata yamma, ko sannu da zuwa ba ta yi mini ba. "Wai da gaske ne kina yi wa Bature asiri? Ke da kike waƙa a kwayar coci tun kina 'yar yarinya?"

"Yaya, gwate ne. Yakuwarki ce ma."

"To, yakuwata ta ƙare, ki gaya musu. Kuma yaushe rabon da in ga kin buɗe littafi?"

Gaskiyarta. Sai na je har Gaithersburg shagon kayan Afirka neman acca da yakuwa, in dawo in dafa, in tashi da asuba in kama jirgi. Kuma ni da kaina gwaten ya fita daga raina. Abincin da in na yi kewar gida nake dafawa in ji kamar ina tsakar gidanmu, yanzu ko ƙamshinsa ba na son ji.

Wadda ta riƙe mini karatun Mama Dora ce. Ta sa na rubuta tambayoyi a ƙananan katuna, ta riƙe da hannunta mai lafiya tana yi mini tambaya ina motsa mata ƙafa. In na kuskure ta buga katin a goshina. Wata rana ta ajiye katunan ta ce, "Yana yaro sai na kira shi sau uku kafin ya bar fili, yana dariya ya shigo duk ƙasa. Tun da muka zo garin nan ban ji dariyarsa ba." Sannan ta ɗauki kati ta ce in faɗa mata alamomin ƙarancin sukari.

Wata Lahadi dillali ya sa aka kai ni filin wasa, na rasa sujadar coci. Aka zaunar da ni da ɗankwali mai ruwan goro, ban ankara ba sai ga fuskata a wani allo mai girman bene. Filin ya ɗauki ihu. Wani mai jan wuya da warin giya ya miƙo hannu wai bari ya shafa ɗankwalin ya sami sa'a. Na buge hannun. Na duba mutanen nan suna tsalle suna kiran sunan Dogo kamar su haɗiye shi don ƙauna, na ce a raina, a cikinku akwai mai kifin nan, akwai wanda ya yi wa tsohuwa fatan shanyewa. Ban taɓa jin ƙyamar taron mutane kamar ranar ba.

Sai ranar jarrabawa ta matso, ta faɗo daidai da wasan rana da babbar abokiyar hamayyarsu. Wasan rana kuwa ƙarfe takwas da rabi Dogo yake cin abinci. Na gaya wa dillali tun da sauran sati biyu.

"Ki ɗaga," in ji shi, bai ɗago daga waya ba.

"Ba gurbi. Izinina zai ƙare."

"Sai ki sake nema, mu za mu biya. Kin san abin da ke kan wasan nan? Aikin nas ai kowa na yi."

Madam ta kira da yamma, babu sauran "ƙanwata". Ta ce in ban je ba, in nemi wani wurin.

Ana gobe jarrabawa, na yi cokalina biyu, Dogo ya shigo, na yi tayi, ya ci. Da ya ajiye cokali na ce masa gobe ba zan zo ba.

"Kina tsammani ban san abinci ne kawai ba?" ya ce. "Na sani. Amma in na tsaya a wurin nan, dubban mutane suna jira in kasa, ina so a ce akwai wani abu da ba ni ba. In na maki ƙwallo, gwate ne. In na kasa, an yi kuskure a gwate. In aka ce ni ne kawai, kullum ni, ba zan iya ɗaga kulkin ba."

Na ji tausayinsa, ba zan ɓoye ba. Idonsa ya faɗa. Amma tausayin bai kai ya danne abin da na tara wata uku ba.

"Ni ma gobe ni kaɗai zan zauna," na ce. "Kuma bari in gaya maka. A wurinmu in an ce ka zo ka ci, cewa ake yi an gode, a ci lafiya."

Ya zaro ido. "To me ya sa kika faɗa, in ba da gaske kike ba?"

"Da gaske nake. Mai jin yunwa in ya zauna ya ci, ba laifi. Amma ba a cinye wa mai abinci, kuma ba a dawowa gobe."

Kunnuwansa suka yi ja. Na zaci haƙuri zai ba ni, ko ya ce Allah ya ba da sa'a. Sai ya ce, a hankali, "To ki bar mini cokalin." Na bar masa. Har yau ina jin haushin kaina.

Wurin jarrabawar wani bene ne a kudu maso yammacin Washington, cikin dogayen gine-ginen gwamnati masu kama ɗaya. Aka duba tafin hannuna, aka sa na kulle waya a akwati. Da ƙarfe takwas da rabi ta yi ina kan wata tambaya a kan mai jego da ke zubar da jini, abin da na yi da hannuna sau ba adadi a Jos, har da fitilar waya. Na amsa na wuce. Wajen ƙarfe ɗaya kwamfuta ta rufe kanta, ban san ko na ci ko na faɗi ba.

Na kunna waya na tarar da kira rututu, da saƙo ɗaya daga Madam: kar in sake taka gidan, an tura wata. Ko sallama ban yi da Mama Dora ba, katunana ma suna kan teburin gadonta. Ban iya komawa Largo in fuskanci tambayoyin Yaya ba, sai na gangara bakin kogi na zauna a benci, na ci burodi da gyaɗar da ta ƙunsa mini, na yi kukana.

Wajen ƙarfe huɗu na nufi tashar jirgi, na faɗa cikin 'yan kallo suna dawowa daga fili. Ba sai na tambaya ba. Sau huɗu Dogo ya tsaya, sau huɗu ya koma benci. Zagin da na ji a kan matakalar nan ba zai rubutu ba. Wani a gabana ya tuɓe riga mai hoton kulata ya cusa a kwandon shara, ya tofa mata yawu, ɗansa na riƙe da hannunsa yana kallo. Ina tsaye kafaɗa da kafaɗa da su, ba ɗankwali mai ruwan goro, ba wanda ya ko dube ni.

Bayan kwana biyu sakamako ya fito. Na ci. Yaya ta rangaɗa guɗa har maƙwabcinmu ya ƙwanƙwasa bango, mijinta ma ranar da baki ya amsa gaisuwata. Na kira Mama a Bukuru, karo na farko na yi mata hirar aiki ba tare da na auna kowace kalma ba. Ta tambaye ni ko cokalinta yana nan. Na ce yana nan.

Dogo kuwa na ji an ce kafaɗarsa ta samu matsala a shekara ta gaba, rediyo ta sami wani sabon saye da za ta zaga. Ban bi labarin ba.

Yanzu ina aiki a wani asibiti nan Largo. Sai da na shekara kafin na iya sake dafa gwate. Ranar da na fara zuwa da shi, na zauna a ɗakin hutu na buɗe kula, da cokalin roba. Na kai loma biyu ke nan sai ga Kesi ta shigo, wata ƙaramar nas mai kirki da ta haɗa aikin safe da na yamma, na kuma san tun safe ba ta sa komai a cikinta ba. Ta tsaya ta shaƙi iska ta ce, "Kai, wannan ƙamshi fa!"

Na ji maganar "zo mu ci" ta taso har maƙogwarona. Na haɗiye ta tare da lomar, na ce, "Na gode," na jawo kular gabana. Kesi ta ɗan tsaya, sannan ta je ta sa kuɗi a na'ura ta ciro biskit. Na cinye abincina tas ina kallon bango. Da Mama ta gan ni a ranar, da ba ta yarda ita ta haife ni ba.